Nu'uman Sikotilan da Ƙwallon da Bai Ci Ba

In ka shiga Argungu ka tambayi gidan Nu'uman mai albasa, mutane za su yi ta kallon juna suna tambayarka wane Nu'uman. Amma ka ce Sikotilan, ko makaho sai ya kama hannunka ya kai ka har ƙofar zaure. Shekara ashirin da biyu ya yi yana buga ƙwallon ƙafa, ɗan baya ne, mai lamba huɗu, kuma a tsawon shekarun nan kaf bai taɓa jefa ƙwallo a ragar abokan karawa ba. Ba sharri ake masa ba. Shi da bakinsa yake faɗa a teburin mai shayi, yana faɗa yana dariya har sai ya riƙe ciki. Sai dai wanda ya zauna da shi ya san abin yana cin sa.

Sunan kuwa wata riga ce ta jawo masa. Yana ɗan shekara ashirin ya raka buhunan albasar babansa kasuwar Birnin Kebbi, ya iske Azubuike yana kwance sabuwar dilar gwanjo. Azubuike ɗan kudu ne, amma ya daɗe a garin har Kabancinsa ya fi na wasu haifaffun gari tsami. Ya zaro wata jesi shuɗiya mai lamba huɗu, da wani suna a baya wanda harshen Bakabe ba ya iya juya shi, ya kakkaɓe ta a gaban Nu'uman.

"Wagga riga daga Sikotilan tah hito," in ji Azubuike. "Ba ta yara ba ta. Ɗan wasan gaske yas sa ta, diba inda haki ya ɓata mata kahwaɗa."

A lokacin Nu'uman bai san ko Sikotilan gari ne, ko kamfani, ko sunan uban mai rigar ba. Amma ya ɗaga kai kamar tare suka tashi, ya naɗe riga ya sa a hammata. Washegari ya shiga fili da ita yana tafiya a karkace, wani ya tambaye shi daga ina, ya ce daga Sikotilan. Shi ke nan, suna ya bi shi.

Kulob ɗin unguwarsu, Matasan Bakin Gulbi, wani tela ne ke horar da shi, Koci Ummaru. Mutum ne da ba ya ɓoye wa kowa gaskiya, ko da kuwa ba a tambaye shi ba. Ya zuba wa Nu'uman ido kwana uku. Ya ga an ba shi ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, ya ga ya yi niyyar miƙa wa na dama ta tafi hagu, ya kuma ga wani ɗan gaba ya yi karo da shi ya faɗi ya kasa tashi. Sai ya kira shi gefe.

"Yaro, Allah bai ba ka ƙahwa ba, amma ya ba ka ƙashi. Aikinka guda na. In ta zo, kore ta. Kak ka tsaya shawara da ita."

Kai, ba a taɓa ba ɗan Adam umarnin da ya riƙe kamar wannan ba. Filin Bakin Gulbi yana manne da fadama, ƙwallo kuma ɗaya tak kulob ɗin ke da ita. Idan suna gaba da ci ɗaya, sai Nu'uman ya ɗaga ƙafa ya aika ta tsakiyar gonar shinkafar mutane. Kafin a naɗe wando a shiga laka a lalubo ta, minti goma sun tafi, ga magariba ta matso, dole alƙalin wasa ya tashi wasan. Da wannan dabara kaɗai suka ɗauki kofin unguwanni sau biyu. Masu gonaki sun kai ƙararsa wurin mai unguwa ya fi a ƙirga. Akwai ranar da ya wuce gonar gaba ɗaya, sai wani masunci ne ya kawo ƙwallon cikin homa tare da tarwaɗa biyu. Masu magana sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, to na Nu'uman a ruwa yake faɗawa.

Shekara takwas ya yi a gida, sannan Manoman Augie suka ɗauke shi. Shi yakan ce sayen sa aka yi, kuma gaskiya ne, da buhun taki. Asalin maganar dai ya sami aron fili ne a can yana noman albasa, su kuma suna neman wanda zai tsaya a baya ya tsorata mutane. A Augie ya ci ƙwallonsa ta farko, da ƙeya, a ragar gidansu. Bayan shekara uku ya wuce Taurarin Gesse a Birnin Kebbi, inda fili ke da ciyawa da katanga, babu fadamar da za a aika ƙwallo. Nan kasuwarsa ta mutu. Shekara biyu ya yi a benci, ya san sunan duk mai sayar da rake a bakin filin, ya san wadda aka saka da wadda aka mayar a cikin gidajen Gesse. Rana ɗaya da aka sa shi, ƙwallo ta doki mazaunansa ta shige ragarsu. Da ya dawo Argungu aka tambaye shi abin da ya samo a birni, ya ce ya ci biyu a rayuwarsa, amma shi mutum ne mai kishin gida, duk a gida ya zuba su.

Rigar kuwa tana nan. Matarsa Ruƙayyatu ce ke fama da ita. Da tumbi ya fara fitowa ta tsaga gefe da gefe ta ƙara ƙyalle, bayan shekara uku ta sake ƙarawa, har ƙarin ya fi asalin rigar yawa. Tana ɗinki tana faɗa masa kayan aro ba ya rufe katara, shi kuma yana cewa ba aro ba ne, gado ne. Haruffan sunan duk sun ɓare, sai inuwarsu ta rage a jikin yadin.

Duk shekarun nan Nu'uman na ba da labarin mai rigar kamar ɗan ɗakinsu. Ya ce mutumin ya ci ƙwallo ɗari uku. Ya ce in ya yi tsalle sai ya sha ruwa kafin ya sauko. Ya ce an sa wa titin kasuwar garinsu sunansa. Babu mai ƙaryata shi, don babu wanda ya taɓa zuwa, shi ma da yawan faɗa har ya fara yarda.

'Yarsa Nuriyya ce ta fasa ƙwan. Ita ce 'yar fari, don haka ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "ke yarinyag ga". Ta gama karatun jinya a Birnin Kebbi ta dawo gida. Wata ranar Juma'a da la'asar ta ga rigar a kan igiya, rana ta hasko inuwar haruffan, sai ta kwafe su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a wayarta. Ta zo ta tsuguna nesa kaɗan da tabarmar babanta.

"Baba, na gano mai rigarka."

Nu'uman ya gyara zama, ya kira Ruƙayyatu ta zo ta ji da kunnenta. Nuriyya ta fara karantawa tana mayarwa da Hausa. Sikotilan dai ƙasa ce, mutumin kuma ɗan baya ne. Shekara goma sha huɗu ya yi yana wasa, a kulob bakwai, duk ƙanana, irin waɗanda 'yan kallonsu ba su cika motar haya biyu ba. Sau biyu yana karyewa a ƙafa. Kulob uku sun sallame shi. Shekara guda cur ya yi a benci. Da ya daina wasa ya koma gyaran famfo.

Ruƙayyatu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Nu'uman kuwa ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Allahu akbar! Ashe ɗan'uwana na! Shi ya sa rigar ta zamna mini daram. To ƙwallo nawa yac ci?"

"Guda, Baba."

"Guda mi?"

"Guda ɗai. A shekararsa ta ƙarshe."

Dariyar ta tsaya. Da a ce ɗari uku ne, da babu komai, wa ke gasa da aljani? Da a ce babu ko ɗaya, da sun zama tagwaye. Amma ɗaya! Mutum irinsa sak, mai kore ƙwallo, mai ɗumama benci, ya samu guda ya tafi da ita gida. Abin ya tsaya wa Nu'uman kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Tun daga ranar ya ƙudurta ba zai rataye takalmi ba sai ya ci tasa guda ɗaya.

Matsalar ita ce shekarunsa arba'in da biyu, gwiwarsa ta dama kuma ta riga ta gaji da shi. In ya yi ruku'u sai na kusa da shi a sahu ya ji ƙararta. Nuriyya ta duba ta ce a daina wasa, ya ce kaka ɗaya ta rage. Duk bugun kwana sai ka gan shi ya baro baya yana ɗingishi, kafin ya iso an buga an gama, kafin ya koma an ci su. Sau ɗaya ƙwallo ta faɗo gabansa, taku uku daga raga, gola ya faɗi. Jama'a suka miƙe. Ƙafar ta yi abin da ta saba, ta ɗaga ta sama ta bi ta kan raga ta sauka a gonar shinkafa. Ya ce wallahi shi ciki ya nufa, ƙafar ce ba ta yi shawara da shi ba.

Koci Ummaru ya tsufa, idonsa ya yi rauni har ya bar keken ɗinki, amma wannan kam ya gani. Ya tara manyan kulob ya ce mutumin nan zai kashe kansa a banza, a shirya masa wasan ban kwana bayan girbin shinkafa, a gayyato Taurarin Gesse. Ya je da kansa wurin Dayo mai faci, wanda ke busa musu wasa shekara da shekaru, ya ce masa ana kusa da tashi ya nemo fenariti ko daga ina ne. Dayo ya ce wannan ai ba aiki ba ne, ya sha bayarwa ba a roƙe shi ba.

Abu ɗaya ne ba su lissafa ba. Golan Gesse shi ne Abdussamadu, malamin makaranta, ɗan wani gidan malamai a Birnin Kebbi, kuma shi ne wanda zai auri Nuriyya. Sun daidaita tun tana karatu, manya sun shiga, an sa rana bayan Babbar Salla. Tun da aka sa ranar nan bai ƙara haɗa ido da Nu'uman ba. In ya hango shi daga nesa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko a tsakiyar kasuwa ne. Ya so ya zame wa wasan, amma golansu na biyu ya bi motar albasa zuwa kudu, dole ya sa safar hannu.

Ranar wasa fili ya cika har kan tudun shinkafar da aka tara. Azubuike ya rufe rumfa ya zo daga Birnin Kebbi, kansa duk furfura. Ruƙayyatu, wadda ba ta taɓa kallon wasan mijinta ba, ta tsaya ƙarƙashin dogon yaro da matan unguwa, Nuriyya ta laɓe a bayanta. Aka yi ta gwabzawa babu ci. Saura minti biyar, wani ɗan gaban Bakin Gulbi ya shiga da'irar gola, ya waiga ya ga babu kowa kusa da shi, ya zube ƙasa yana ihu. Dayo ya busa tun kafin ya gama faɗuwa. 'Yan Gesse suka ɗan yi gardamar fita kunya, aka ɗauko ƙwallo aka miƙa wa Nu'uman.

"Sikotilan! Sikotilan!"

Ya ajiye ta a kan tabo. Ya ja da baya, ya ɗaga kai ya dubi raga. Babu kowa a ciki. Abdussamadu ya tuɓe safar hannu ya ajiye, ya koma jikin turken dama ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, ina wuni. An wuni lahiya? Ya gida?"

Fili ya kwashe da dariya, har Dayo sai da usur ya faɗo daga bakinsa. Ga raga nan a buɗe, faɗinta kamar ƙofar gari. Ko da dunduniya ya tura ta za ta shiga. Koci Ummaru yana ta ɗaga sanda yana cewa buga mana, buga! Amma Nu'uman ya riga ya ji abin da za a faɗa gobe a teburin mai shayi, da jibi, da ranar sunan jikokinsa: ai surukinsa ya zura wa ƙwallo yana durƙushe yana gaishe shi. Shekara ashirin da biyu yana jira, ba irin wannan yake jira ba.

"Lahiya lau," ya ce. "Tashi."

"Baba..."

"Tashi ka sa abin hannunka! Ba sadaka niz zo amsa ba."

Abdussamadu ya miƙe a sanyaye, ya sa safar, ya tsaya tsakiyar raga yana kallon yatsun ƙafarsa. Da Nu'uman ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Abin da yake so a ransa bai wuce yaron ya yi kamar da gaske ba, ya faɗi gefe guda ƙwallo ta bi ɗaya gefen, kowa ya tafi da mutuncinsa. Amma ga jama'a na ihu, ga matarsa na kallo, kai ya ɗau zafi. Ya ɗaga murya yadda na kan tudun shinkafa za su ji.

"Wallahi tallahi, in kab bari ta shiga da gangan, sai an ɗage ranag ga! Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ka barin ƙohwa buɗe!"

Jama'a suka yi shewa, suna ganin duk cikin raha ne. Baki shi ke yanka wuya. Nu'uman ya manta da wanda yake magana. A gidansu Abdussamadu ba a wasa da rantsuwa, wanda ya ce wallahi ya gama magana. Yaron ya ɗago kai, karo na farko cikin wata shida ya dubi surukinsa ido cikin ido. Ya ware ƙafafu, ya tofa yawu a safar hannu, ya sunkuya. Nu'uman ya ga haka, ya so ya janye maganar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Dayo ya busa. Nu'uman ya taho, taku huɗu, ya ce bismillahi ya sake ƙafa.

Jama'a, sau ɗaya a duniya ƙafar nan ta ji maganarsa. Ƙwallo ba ta tashi sama ba, ba ta nufi fadama ba. Ta tafi ƙasa-ƙasa tana huci, ta nufi can cikin lungun hagu inda gola ba ya kaiwa. Shi kansa ya ji daɗin bugun tun daga tafin ƙafa har ƙeya, ya san ba a buga wadda ta fi ta. Har ya ɗaga hannu biyu sama. Sai ga Abdussamadu ya miƙe a iska tsawonsa gaba ɗaya, ya sa kan yatsu biyu ya taɓa ta. Ta doki turke, ta gangara waje a hankali.

Wata mata a ƙarƙashin dogon yaro ta ce innalillahi.

Dayo, Allah ya saka masa, ya yi maza ya busa ya ce gola ya motsa kafin lokaci, a sake. Aka juya neman mai bugu, sai aka gan shi zaune a ƙasa ya riƙe gwiwa da hannu biyu. Gwiwar ta tafi tare da bugun. Ya yunƙura sau biyu ya koma. Ya ɗaga wa Dayo hannu ya ce a bari, gola bai motsa ba, kowa ya gani.

Abdussamadu ne ya fara isowa. Ya zube gabansa, hawaye na bin fuskarsa, ƙasa duk ta ɓata masa gefen jiki.

"Baba, ka yahe mini. Kai kar rantse."

"Na sani. Ni niy yi rantsuwa, ba kai ba. Kama ni in tashi."

Ya rataya hannu a wuyan yaron, suka nufi bakin fili a hankali, jama'a na tafi, shi yana ɗaga musu hannu yana murmushi kamar wanda ya ɗauki kofi. Ransa kuwa ya ɓaci iyakar ɓaci, don ya san ba zai ƙara sa takalmin ƙwallo ba. Da suka ɗan yi nisa da mutane ya rage murya.

"Kai, tsakaninka da Allah. Da wani gola na ba kai ba, da ta shiga?"

"Da ta shiga, Baba. Ban taɓa kama irinta ba."

An ɗaura aure a ranar da aka sa, ba a ɗage ko awa ɗaya ba. Nu'uman ya koma ga albasarsa, yana tafiya da 'yar sanda. A teburin mai shayi shi ke fara ba da labarin kafin wani ya riga shi, yana kwaikwayon durƙuson, yana kwaikwayon rantsuwar, ana dariya har shayi ya huce. Amma duk ranar da Abdussamadu ya kawo Nuriyya ganin gida, sai Nu'uman ya jira mata sun shige ciki, zaure ya rage su biyu, sannan ya yi gyaran murya ya sake tambayar. Abdussamadu yana durƙushe, kansa a ƙasa, yakan ba shi amsar nan dai, bai taɓa canza ko kalma ɗaya ba. Nu'uman ya sha yin niyyar cewa ya rantse, don ya san yaron ba zai rantse a kan ƙarya ba. Har yau bai ce ba.